An cire min nono, maigida ya daina kusantata: amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya

Tambayar da ta turo, na ɗan taƙaita ta: "Shekarata 37, yarana huɗu. An cire min nonon hagu saboda kansa wata bakwai da suka wuce, na gama kemo (ƙarin ruwan maganin kansa), yanzu ina shan tamoksifen. Tun daga lokacin ban taɓa tsayawa gaban madubi babu riga ba. Maigida ko ranar girkina ce sai dai ya kwanta ya juya baya. Sau ɗaya muka gwada, zafi ya hana, sha'awar ma babu ita. Ƙawata ta ce in nemi matsi da tsumi. Dan Allah shikenan ni da zama mace?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. A'a, ba shikenan ba wallahi. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɓangaren tiyata da masu kansa, kuma wannan tambayar taki kusan duk sati sai na ji ta, sai dai ba a ɗakin likita ake yinta ba, sai an fito an kama hanyar tafiya mace za ta dawo ta ja ni gefe ta ce "Sista akwai wata 'yar magana", shi ya sa na ji daɗi da kika fito fili kika tambaya, dan da yawa masu karantawa suna cikin irin halin kunya ce kawai ta rufe musu baki.

Bara in fara da madubin, dan ni a ganina daga nan komai yake tashi. Akwai wata baiwar Allah da na taɓa jinya, shekara guda cur tana wanka cikin duhu, kafin asuba take shiga bayi ta kashe fitila, ta saɓa sabulu ta wuce gefen da aka yi aikin da sauri kamar ba jikinta ba. Ranar da ta zo ganin likita ta gaya min, na sa sakata a ƙofa, na ce ta ciro madubin hodarta daga jaka, ɗan ƙarami ne wanda ko tafin hannu bai kai ba. Ta fi minti biyar tana riƙe da shi tana kallon fankar sama, hannunta na rawa, ni dai ban ce mata komai ba. Da ta duba sai ta yi kuka sosai, ta share fuska da bakin mayafi ta ce "Sista ashe layi ɗaya ne kawai". Abin da ta zana a ranta tsawon shekarar nan ya fi abin da ke ƙirjinta muni nesa ba kusa ba. To ke ma ina zaton haka ne. Tabon cire nono layi ne da ya taso daga wajen tsakiyar ƙirji ya nufi hammata, a fatarmu yakan yi duhu ko ya ɗan tashi da farko, kuma yana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya kwanta ya yi laushi, wato abin da za ki gani a wata na bakwai ba shi ne kamanninsa na ƙarshe ba.

Ki fara kaɗan-kaɗan, ke kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle. Yau ki ɗora tafin hannunki a wurin ta saman riga. Gobe ta ƙarƙashin riga. In ranki ya yarda ki duba da ƙaramin madubi, in kuka ya zo ki yi abinki, ai rashi aka yi miki, nonon da kika shayar da yara huɗu da shi ba ƙaramin abu ba ne, kar wani ya ce miki kuka rashin godiya ne. Tunda ɗinkin ya warke ki dinga shafa man kaɗanya kina murzawa a hankali kamar minti biyar kullum, yana saka tabon ya yi laushi kuma hannunki zai saba da wurin (in ana miki gashin na'ura na asibiti ko ba a daɗe da gamawa ba ki tambaya tukunna kafin ki shafa komai). Akwai kuma dalili na lafiya, dole ne ki san wurin nan ciki da bai, dan in ciwon zai dawo wani lokacin a jikin tabon yake fara nunawa, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake ko gyambon da ya ƙi warkewa, wadda ba ta kallo ba ta taɓawa yaushe za ta gani? Duk wata ki duba tabon da hammata da ɗaya nonon.

Za ki ji wurin dindiris kamar an miki allurar kashe zafi, har bayan dantse. Jijiyoyin fata ne aka yanke lokacin da aka cire nonon da kaluluwar hammata. Wani jin yana dawowa cikin watanni, wani ba ya dawowa, wasu ma suna jin ƙaiƙayi ko tsira a kan nonon da babu shi, ba aljanu ba ne ba kuma taɓin hankali ba, sananne ne a wajenmu. Abin kiyayewa dai kar ki gasa wurin da ruwan zafi ko ki kusanto da kaskon turare, za ki iya ƙonewa ba ki ji ba.

Sai maigida. Ban san mijinki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan miki daɗin baki ba. Likitocin tiyata na asibitin koyarwa na ABU Zariya sun buga wani bincike a 2010 a kan matan aure 81 da aka cire wa nono, wata shida bayan aikin kusan kashi 68 cikin ɗari sun ce suna jin kamar ba su cika mata ba, kashi 79 sun ce kwanciyar aure ta ragu, bayan shekara uku kuma kashi 38 auren ya mutu ko an rabu. Wannan lissafin yana min ciwo duk sanda na tuna shi, kuma yana daga cikin abin da ke sa matanmu guduwa daga tiyata su tafi wajen mai magani har sai nono ya fashe sannan a kawo su. To akwai mazan da suke gudu, gaskiya ne. Amma abin da idona ya gani a baranda shi ne, mafi yawan mazan da suka juya baya tsoro ne ya juya su. Namiji zai tsaya ya jira matarsa ta shiga karɓar magani sannan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce "Sista wai ana ɗauka?" Wani ya ce yana tsoron ɗinkin ya ɓalle, wani an gaya masa a majalisa cewa in ya kusance ta ciwon zai tashi, wani kuma gani yake rashin imani ne ya nemi mace da ta sha wannan wahalar. Ita kuma tana can tana fassara juya bayan da cewa ƙyamarta yake. Shi yana jiran ta nuna ta shirya, ita tana jiran ya nuna yana so, kowa ya yi shiru, wata bakwai ya wuce.

Amsoshin kuwa a fili suke. Kansa ba a ɗaukarta, ko ta saduwa ko ta yawu ko ta kwano ɗaya. Saduwa ba ta tayar da ita ba ta dawo da ita. Gashin da ake yi da na'ura ba ya barin komai a jiki da zai cutar da miji ko yara. Kemo ne kawai ake cewa a sa kwaroron roba na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye saboda ragowar maganin a jiki, ke kuma kin gama. Ciwon tiyata yana haɗewa cikin sati huɗu zuwa shida, naki ya daɗe da wuce nan.

A nan kam ba a barin kaza cikin gashinta, sai an yi magana, kuma na san da nauyi, mu ba a haka aka tashe mu ba. Kar ki yi ta a kan gado, kar ki yi ta da daddare lokacin da kowa ya ɗaure. Ki samu lokacin da ya ci abinci yara sun fita, kina cikin kayanki, ki ce masa wani abu kamar "Abban yara, likita ya ce jikina ya warke, abin nan ba a ɗauka, ni dai kunya nake ji da tsoro amma ina kewarka". Shikenan, ba sai kin yi dogon bayani ba. In bakinki ya kasa ki tura masa ta waya, na san waɗanda saƙon WhatsApp guda ɗaya ne ya buɗe musu ƙofa.

In kun fara kuma kar ku fara daga ƙarshe. Ku yi yarjejeniya cewa kwana biyu-uku na farko babu saduwa, kwanciya ce kawai jiki da jiki, runguma, tausa, hira, dan in kin san ba za a kai can ba jikinki zai saki. Ki sa abin da ranki ya kwanta da shi, 'yar shimi ko bireziya mai ciko ko rigar barci, ba dole sai kin tuɓe ba, ba kuma dole sai ya ga tabon a daren farko ba, wasu sai bayan watanni suke nunawa kuma aurensu lafiya lau. Ke za ki kama hannunsa ki nuna masa inda za a taɓa da inda ba a taɓawa tukunna, dan shi bai san ina ne ke ciwo ina ne ya mutu ba. Ɗaya nonon wasu suna so a taɓa wasu kuma yana tuna musu da rashin, ki faɗa masa naki. Jin daɗin mace ba a nono kaɗai Allah ya ajiye shi ba, akwai wuya, baya, cinya da sauransu, sai dai a sake nema. Wajen kwanciya ki guji duk yanayin da nauyinsa zai sauka a ƙirjinki ko a hannun gefen aikin, kwanciya ta gefe ta fi, gefen da aka yi aikin yana sama, ki tokare hannun da filo.

Yanzu zafin da kika ji, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarki saboda shawarar ƙawar nan. Akwai sinadarin mata da ƙwan mace ke samarwa, istirojin, shi ke sa gaba ya kasance da danshi da laushi da kauri. Kemo yana dakatar da aikin ƙwan, shi ya sa al'ada ke ɗaukewa, a shekarunki sau da yawa tana dawowa bayan watanni, waɗanda suka kusa 45 kuma yawanci tafiyar kenan. Tamoksifen ɗin da kike sha kuma an ba ki shi ne saboda irin kansarki da wannan sinadarin take girma, aikinsa ya tare shi daga ƙwayoyin nono, shekara 5 zuwa 10 ake shansa. To shi ne ke kawo zafin jikin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, wasu bushewa wasu kuma farin ruwa. Masu shan wasu magungunan kansar nono irin su letrozol ko anastrozol, ko waɗanda ake wa allurar Zoladex, bushewar tasu ta fi tsanani. Kin ga kenan rashin ni'imar nan ba wai macen da ke jikinki ce ta mutu ba, aikin magani ne, kuma akwai abin yi. Dan Allah kar ki daina shan maganin saboda wannan, na ga waɗanda suka ajiye shi a ɓoye dan su faranta wa miji, ciwon ya dawo.

Ki je kemis ki sayi man santsi mai ruwa irin K-Y Jelly, ki sa da yawa, ke da shi duka, in ya bushe a ƙara, babu kunya a ciki. Akwai kuma na danshi irin su Replens da ake sawa sau biyu ko uku a sati ko da ba za a yi komai ba, shi kamar man shafawa ne ga fatar wurin. Ban da Vaseline, yana yaga kwaroron roba kuma yana jawo ƙaiƙayi. A ɗauki lokaci sosai kafin a kai ga saduwar, in kin ji zafi a tsaya, kar ki cije ki daure, dan jiki yana riƙe abin, gobe tun kafin a taɓa ki naman wurin zai ɗaure da kansa zafin ya ninka. In kin yi sati shida kina haka ba sauƙi ki ga likitan mata, akwai man istirojin mai ƙaramin ƙarfi da ake ba wasu, amma wannan sai likitan kansarki ya auna ya yarda, ba a saya da ka. Kuma duk jinin da kika gani bayan saduwa ko wanda ba na al'ada ba ki kai asibiti da wuri, tamoksifen yana iya kaurara bangon mahaifa.

Matsi kuwa, 'yar'uwa ki rufa wa kanki asiri. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma matsi an yi shi ne dan ya tsuke ya tsotse ruwa, su alimun da bagaruwa da turaren tsuguno duk aikinsu kenan, ke kuma matsalarki bushewa ce da fata da ta yi siriri, in kika sa sai ta tsage, ga raɗaɗi ga ƙwayoyin cuta. Tsumi da gumbar da ake sayarwa a kwalba ba rubutu ba komai, ba ki san me aka zuba ba, hantarki kuma yanzu ta gama fama da kemo tana kan sarrafa tamoksifen. Mafi haɗari su ne mayuka da ƙwayoyin ƙara girman nono da ƙugu, duk abin da zai iya ɗauke da sinadarin mata abincin ciwonki ne. Hulba ma da ake dirka a matsayin magani ki tambayi likitanki tukunna. Amma dabino, aya, kwakwa, kankana, zuma, madara, waɗannan abinci ne, ki haɗa kununki ki sha lafiya, ki yi lallenki ki yi humrarki ki turara kayanki da ɗakinki, ni ina ƙarfafa wannan sosai dan yana dawo wa mace da jin kanta.

Sha'awa ita ce ta ƙarshen dawowa, kar ki zauna jiranta. Gajiyar kemo tana kai wata shida har shekara, ga rashin barci saboda gumi, ga fargaba. Mata da yawa sai an fara wasa an saki jiki sannan take zuwa, ba kafin ba. Ki zaɓi lokacin da kike da ƙarfi, in dare ya yi kin zama laƙwas to bayan asuba fa?

Wani abu da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa: ɗaukewar al'ada ba ya nufin ba za ki ɗau ciki ba, kuma tamoksifen yana iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tsarin iyali, allurar wata uku, ashanar hannu, duk sinadarai ne, ba naki ba ne yanzu. Naki kwaroron roba ne ko robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda ba ta da sinadari. In kina son ƙarin haihuwa ba a rufe ƙofa ba, wani babban bincike da aka buga a 2023 a kan mata sama da 500 da suka sha maganin wata 18 zuwa 30 sannan suka dakata dan neman ciki ya nuna ciwon bai fi dawowa a cikinsu ba a shekarun farko da aka bibiye su, amma da tsarin likita aka yi, ba mace ta ajiye da kanta ba. Nono ɗaya kuma yana shayar da jariri ya ƙoshi.

Maganar fita cikin mutane, biki, suna, anko. Akwai nonon roba na silikon da ake sawa cikin bireziya, yana da nauyi da motsi kamar na gaske, sai dai tsada, kuma a zafin Maris da Afrilu yana sa gumi da ƙuraje. Abin da matanmu da yawa ke yi ya fi sauƙi, ki kai bireziyarki wajen tela mace ta ɗinka miki aljihu ta ciki da yadin auduga mai laushi, a yi ɗan matashi daidai girman ɗayan, a cusa auduga, a sa 'yar jakar gero ko shinkafa a tsakiya dan ya yi nauyi kar ya dinga hawa sama in kin ɗaga hannu ko kin yi ruku'u. Ki yi biyu ko uku saboda wanki, ki dinga canza hatsin. In nononki mai girma ne nauyin nan yana taimaka wa kafaɗa da baya ma. Dashen sabon nono kuma ana yinsa, da silikon ko da naman ciki ko na baya, ko bayan shekaru ne, wasu manyan asibitocin koyarwa suna yi, amma da kuɗi, kuma siffa yake dawowa da ita ba jin taɓi irin na da ba. Masu tambayar halacci, malamai suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙi Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, wato gyara abin da cuta ta ɓata daban yake da canza halitta, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. In za ki yi ki yi dan ranki ya so, ba dan tsoron kishiya ba.

Tunda kin ce "ranar girkina" na gane ba ke kaɗai ba ce. Abu ɗaya nake roƙonki, kar ki yafe kwananki saboda kunya. Na ga mata da yawa sun ce "na bar wa 'yar'uwata har in warke", wata ya zama shekara, miji ya saba, dawowar ta gagara. Ko babu abin da zai faru ya kwana a ɗakinki, haƙƙinki ne. Jikinki kuma sirrinki ne, babu wanda ya isa ya ce ki buɗe ya gani, ko uwar miji ko dangi masu zuwa dubiya. In gori ya fito daga bakin wata ki kai wa maigida sau ɗaya a nutse, shi ne mai tsawatarwa.

In kuma kin ga kin fi sati biyu ba barci, ba cin abinci, kuka kullum, ba abin da ke miki daɗi ko yaranki, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne, ba raunin imani ba, ana maganinsa. Sai dai ki gaya wa duk likitan da zai rubuta miki cewa kina kan tamoksifen, dan magungunan damuwa irin su paroksetin da fuloksetin suna rage masa ƙarfi, akwai waɗanda suka fi dacewa. Ki kuma nemi wadda ta riga ki shiga, ranar asibiti ki duba bencin da kike zaune, akwai wadda ta shekara biyar da aikin ta sha kwalliyarta, ki gaishe ta ki karɓi lambarta, abin da za ta gaya miki ni ba zan iya ba. Betty Anyanwu-Akeredolu, matar tsohon gwamnan Ondo, a 1997 ta yi wannan ciwon, ta warke ta kafa BRECAN, ƙungiyar yaƙi da kansar nono, a Ibadan saboda mata irinki.

Ranar komawarki asibiti ta gaba ki roƙi maigida ya raka ki ya shiga ciki, ba ya tsaya a mota ba, ya ji daga bakin likita cewa ba a ɗauka kuma babu abin da zai ɓalle, namiji yakan fi yarda in ya ji da kunnensa. Ki tafi da duk wata kwalba ko ƙulli da aka ba ki a duba. Ki rubuta a takarda tun a gida: bushewa, zafin saduwa, tsarin iyali, gumin dare. Layi yana da tsawo likita yana sauri, in ba ki faɗa ba da wuya ya tambaya, in kunya ta riƙe miki baki ki miƙa masa takardar kawai, ko ki ce kina son ganin nas mace ke kaɗai.